Yadda ake rubuta direban na'ura da ba zai kayar da kwamfuta ba idan an fizge kebul

Mai koyon rubuta direban na'ura, wato manhajar da ke shiga tsakanin kanel (zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) da na'urar da aka jona, hankalinsa na kan abu guda: na'ura ta amsa, bayanai su shigo. Da ya ga haka sai ya ɗauka aiki ya kammala. Rabi ya yi, kuma rabin mai sauƙi. Mai wuyar shi ne abin da direban zai yi idan na'urar ta ɓace ana tsakiyar aiki.

A nan Zariya ba sai wani ya yi ganganci ba. A shagon intanet da ke yi wa ɗalibai rajista a Samaru, na'urar ɗaukar zanen yatsa da firinta da filash duk suna kan marabar USB guda (akwatin da ke raba kafa ɗaya zuwa da yawa) mai cin wutar bango. Ana ɗauke wuta, kwamfutar cinya ta ci gaba da batirinta, su kuwa na'urorin su ɓace a tare. Ga ƙurar hunturu da ke cika kafar USB, ga kebul mai araha da ke sakin jiki da an taɓa tebur. Direban da bai shirya wa wannan ba zai daskarar da kwamfutar mutane da rana tsaka, layi na jira.

Zan yi bayani da Linux da USB, domin su ne ɗalibi zai iya gwadawa ba tare da kashe kuɗi ba. Daga baya zan taɓo PCIe, wata hanyar jona na'ura da kwamfuta, da Windows.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai Linux, da tushen kanel da za ka harhaɗa da kanka. Kada ka yi gwaji a kan kanel ɗin da kake aikin yau da kullum da shi. Zai faɗi, kuma yana iya tafiya da fayilolinka. Ka kunna kanel ɗin gwaji a cikin QEMU, wato kwamfutar kwaikwayo. Idan kana da tsohuwar kwamfuta da ba ka damu da abin da ke cikinta ba, ita ma ta yi.

Wajen harhaɗawa ka kunna waɗannan: CONFIG_KASAN, mai kama taɓa memorin da aka riga aka saki, CONFIG_PROVE_LOCKING, mai gano makullan da za su iya sarƙewa, CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, mai ihu idan ka yi barci a inda ba a barci, da CONFIG_DEBUG_KMEMLEAK, mai nuna memorin da ka manta ba ka mayar ba. Kanel zai yi nauyi, ya ci memori. Haƙuri za ka yi. Idan babu su, yawancin kurakuran da za mu yi magana a kansu suna wucewa shiru, sai a hannun mai amfani za su fashe.

Sai na'urar gwaji. Ƙaramin allon Arduino mai ɗauke da CH340, irin wanda ɗaliban injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ke yawan aiki da shi, ya wadatar. Idan babu na'ura ko ɗaya, kanel na da ta ƙarya: kunna CONFIG_USB_DUMMY_HCD da CONFIG_USB_ZERO. Loda dummy_hcd sannan g_zero, sai ka ga na'ura ta bayyana da lambar 0525:a4a0 kamar an jona ta. Sauke g_zero, ta ɓace kamar an zare. Ka tabbata direban usbtest bai riga ka kama ta ba.

Na ƙarshe, buɗe fayil ɗin drivers/usb/usb-skeleton.c da ke cikin tushen kanel. Greg Kroah-Hartman ne ya fara rubuta shi a matsayin samfuri, kuma kusan duk abin da zan faɗa yana ciki. Ka ajiye shi a buɗe a gefe, tare da taga guda mai gudanar da dmesg -w, mai nuna saƙonnin kanel.

Abin da za ka riƙe kafin ka taɓa komai

Abu biyu ne. Na farko, aikin disconnect, wanda kanel ke kira a direbanka idan na'ura ta tafi, labari ne da ke iso maka a makare. Ba izininka ake nema ba, ba ya ma mayar da lambar kuskure da za ka ce ka ƙi. Kafin maraba ta lura an zare na'ura ta sanar da kanel, tuni buƙatunka sun fara faɗuwa.

Na biyu, na'ura da kundin da ka buɗe mata a memori ba ranar mutuwarsu ɗaya ba. Na'ura tana tafiya lokacin da ta ga dama. Amma wata manhaja na iya kasancewa riƙe da fayil ɗin na'urar a buɗe, ta kira read bayan minti goma, kuma wannan kiran zai bi manuni (pointer) ya shigo kundinka. Kamar maigida ne ya yi tafiyar gaggawa baƙi na zaune a zaure: za a shaida musu ba ya nan, a hana sababbi shigowa, amma ba a rushe zauren sai na ƙarshensu ya fita. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na tabbatar da waɗannan biyun.

Mataki na 1: Buɗe kundi mai ƙidayar masu riƙe da shi

A cikin kundin da ke ɗauke da bayanan kowace na'ura, ka saka abu huɗu tun farko: kref domin ƙidayar masu riƙe, makullin mutex da ke tsare shiga da fita, tuta mai suna disconnected, da usb_anchor da za ka ɗaure buƙatun da ka aika. Ka nemi memorin kundin da kzalloc, ka kira kref_init, ƙidaya ta fara daga ɗaya. Wannan ɗayan na direba ne, kuma disconnect ne zai sauke shi.

Rubuta aiki guda, ka kira shi misali goge_kundi, wanda shi kaɗai ke da ikon sakin memori: ya saki URB (buƙatun da direba ke aika wa na'urar USB) da mazubai (guraben memori da bayanai ke zuba), ya kira usb_put_intf da usb_put_dev, sannan kfree. Kada ka kira shi da hannunka. kref_put ne zai kira shi idan ƙidaya ta koma sifili. A probe kuma, wato aikin da kanel ke kira idan an jona na'ura, ka kira usb_get_dev da usb_get_intf, domin kundin kanel na na'urar ya zauna muddin naka na nan.

Gargaɗi: kada ka nemi wannan kundin da devm_kzalloc idan direbanka na ba manhajoji fayil. Yana da daɗin amfani saboda kanel ke sakin memorin da kansa, amma yana sakinsa da zarar disconnect ya dawo, ko da akwai mai riƙe da fayil a buɗe. Wannan kuskuren na gani fiye da kowane a aikin masu koyo, kuma ba ya nuna kansa sai an zare na'ura alhali manhaja na karatu. Ga abin da rayuwarsa ta ƙare tare da na'ura, devm daidai ne. Ga abin da manhaja za ta iya taɓawa daga baya, haramun ne.

Mataki na 2: A probe, sanarwa ita ce ta ƙarshe

Jera aikin probe haka: buɗe kundi, shirya makullai da layukan jira, duba hanyoyin bayanai na na'ura, nemi mazubai da URB, ajiye manuni da usb_set_intfdata, sannan daga ƙarshe ka kira usb_register_dev. Da zarar wannan kiran ya dawo, fayil ya bayyana a /dev, kuma udev (manhajar Linux mai lura da jonawa da zare na'urori) ko wata manhaja na iya buɗe shi tun kafin probe ya kai layinsa na gaba. Duk abin da ba ka shirya ba kafin nan, an riga ka.

Kada ka yarda da abin da na'ura ta faɗa a kan kanta. Yi amfani da usb_find_common_endpoints ka tabbatar hanyoyin da kake buƙata suna nan. Idan babu, ka mayar da kuskure. Na'urar jabu ko wadda ta lalace na iya zuwa da lamba irin taka amma cikinta daban. Manhajar syzkaller ta bankaɗo ɗimbin kurakurai a direbobin USB na Linux ta wannan hanyar: ta kawo na'urar ƙarya mai bayanan banza, ko ta zare ta a mummunan lokaci.

Ana iya zare na'ura ana tsakiyar probe. Kowane usb_control_msg ka ba shi iyakar lokaci, ka duba abin da ya mayar. Idan probe ya gaza, kanel ba zai kira disconnect ba, don haka kai za ka warware abin da ka ƙulla. Idan goge_kundi ya iya jure kundin da bai cika ba, kref_put guda a hanyar kuskure ya isa.

Mataki na 3: Buɗewa da rufewa

A open, nemo kundi ta usb_find_interface da usb_get_intfdata, ka kira kref_get, ka ajiye manunin a private_data na fayil. A release, kref_put. Ka saka owner ya zama THIS_MODULE a jerin ayyukan fayil domin kada a sauke direban alhali fayil na buɗe. Shi ke nan a nan, sai dai ka tuna release na iya zuwa bayan na'ura ta daɗe da tafiya, saboda haka kada ya aika mata komai sai ya duba tuta.

Mataki na 4: Kowace ƙofa ta duba tuta, da makulli a hannu

Zauna da takarda ka lissafa duk hanyar da za a iya shigowa direbanka: read, write, ioctl, poll, flush, fayilolin sysfs (na ƙarƙashin /sys), agogon timer, ayyukan layin workqueue, da aikin da ake kira idan URB ta kammala. Wannan jerin shi ne ainihin taswirar aikin, kuma za mu sake komawa kansa.

A kowace ƙofa da manhaja ke shigowa, tsarin ɗaya ne: ɗauki makulli, duba tuta, idan an ɗaga ta ka saki makulli ka mayar da -ENODEV, idan ba a ɗaga ba ka aika buƙata, sannan ka saki makulli. Dubawa da aikawa dole su kasance a riƙo guda. Idan ka duba tuta, ka saki makulli, sannan ka aika, ka bar tazarar da disconnect zai kutsa ya gama aikinsa, kai kuma ka aika URB bayan an gama kashe su duka. Irin wannan rige-rigen yana iya yin wata bai faru ba, ranar da zai faru kuma ba za ka gane daga ina ba.

Ko da tuta ba ta ɗagu ba, ka duba abin da usb_submit_urb ya mayar. Tuta ba ta ce na'ura na nan ba. Cewa kawai ta yi ba a sanar da kai tafiyarta ba tukuna.

A poll, idan na'ura ta tafi ka mayar da EPOLLHUP tare da EPOLLERR, domin manhajar da ke jira ta san ta rufe fayil.

Mataki na 5: Karanta lambobin kuskure na URB

Aikin kammalawa yana gudana a yanayin da ba a barci. Ba a ɗaukar mutex a cikinsa, ba a kiran usb_kill_urb. Spinlock ake amfani da shi. Abu na farko da zai yi shi ne duba status.

Lambobi uku na nufin a tsaya: -ENOENT idan an kashe URB da usb_kill_urb, -ECONNRESET idan an janye ta da usb_unlink_urb, da -ESHUTDOWN idan an rufe hanyar gaba ɗaya. Da ka ga ɗaya daga cikinsu, kada ka sake aikawa, kada ka cika dmesg da ƙorafi. Ka tashi mai jira, ka fita.

Masu ruɗin su ne -EPROTO da -EILSEQ da -ETIME. Suna iya zama hayaniyar kebul mara kyau, suna kuma iya zama alamar farko cewa an zare na'ura kanel bai sani ba tukuna. Mai koyo yakan sake aika URB nan take a kowane kuskure. Idan na'urar ba ta nan, URB za ta faɗi nan take, a sake aikawa, ta sake faɗi, har masarrafa ta shaƙe da wannan zagayen, saƙonni na kwarara a dmesg. Dubi yadda direban usbhid, mai kula da madannai da linzami, ke yi: yana jinkirta sake gwadawa da agogo, yana ƙara tsawon jinkirin, idan abin ya ƙi sai ya nemi a sake tayar da na'urar. Idan ba za ka iya wannan duka ba, ka ƙirga kurakuran da suka biyo juna, ka daina bayan 'yan kaɗan, ka sanar da manhaja da -EIO. Ya fi zagaye mara ƙarshe nesa ba kusa ba.

Mataki na 6: Jerin disconnect

A nan jeri shi ne komai, don haka zan bi shi a hankali.

Da farko rufe ƙofar shigowa: usb_deregister_dev, ko unregister_netdev ko input_unregister_device, gwargwadon irin direbanka. Daga nan ba sabon mai buɗewa. Na biyu, ɗauki makulli, ɗaga tuta, saki makulli. Na uku, kashe duk URB da ke hanya: usb_kill_anchored_urbs ga waɗanda ka ɗaure, usb_kill_urb ga sauran. Waɗannan suna jira har aikin kammalawa ya gama kafin su dawo, abin da kake so ke nan. Na huɗu, tsayar da agogo da ayyukan layi da cancel_work_sync da cancel_delayed_work_sync da timer_delete_sync, wanda a tsofaffin kanel sunansa del_timer_sync. Na biyar, tashi duk mai barci. Na ƙarshe, kref_put. Bayan wannan layin kada ka sake taɓa kundin, ko don rubuta saƙo a dmesg, domin watakila ya riga ya tafi.

Tarko biyu ke nan a wannan matakin.

Na farko sarƙewa. Idan kana riƙe da makulli ka kira cancel_work_sync, shi kuma aikin da kake jira yana neman wannan makullin, kowa zai jira kowa har abada. Abin da ya sa ya yi muni shi ne disconnect na gudana ne a zaren da ke kula da maraba. Idan ya maƙale, marabar ta daina lura da sababbin na'urori, mai kwamfuta ya jona filash ya ga shiru, har kashe kwamfutar ma ya gagara. Bayan daƙiƙa 120 za ka ga kanel na ƙorafin wani aiki ya maƙale. Saki makulli kafin duk wani kira mai jira.

Na biyu masu tayar da juna. Sau da yawa aikin kammalawa na tsara aikin layi, shi kuma aikin layi na sake aika URB. Ka kashe URB, aiki ya sake aika ta. Ka soke aiki, URB ta sake tsara shi. Mafita ita ce duka biyun su duba tuta kafin su tayar da ɗan'uwansu, sannan ka yi amfani da usb_poison_urb a madadin usb_kill_urb: yana kashe ta kuma ya hana a sake aika ta. Ga agogo, kanel 6.2 ya kawo timer_shutdown_sync mai yin irin wannan. Idan kanel ɗinka ya girme shi, tuta ce kaɗai kariyarka, don haka ka duba ta da spinlock a cikin aikin agogon.

Ka kuma sani ana kiran disconnect ko na'ura na nan daram, misali idan an sauke direba ko an raba shi da na'ura ta sysfs. Idan kana son aika mata umarnin kashe fitila ko tsayar da injinta, ka aika da gajeren wa'adi, kada ka damu idan ya gaza. A ƙa'ida kanel kan rufe hanyoyin bayanai na direban kafin ya kira ka, sai in ka kunna soft_unbind.

Mataki na 7: Kada ka manta da masu barci

Manhaja ta kira read, babu bayanai, ta kwanta a wait_event_interruptible. An zare na'ura. Idan sharaɗin farkawarta shi ne zuwan bayanai kawai, ba za ta farka ba har abada. Sharaɗin ya zama: bayanai sun zo, ko tuta ta ɗagu. Da ta farka kuma ta sake duba wanne ne ya tashe ta.

Idan ka karanta usb-skeleton.c da kyau za ka ga mai karatu na barci riƙe da makullin da disconnect ke nema. Abin da ya cece shi shi ne kanel ya riga ya kashe URB, aikin kammalawa ya tashi mai karatun, ya saki makulli. Ni ban so mai koyo ya dogara da wannan ba tare da ya gane shi ba, domin da ka canza abin da ake jira zuwa wani abu da ba URB ba, kariyar ta tafi. Ya fi aminci ka saki makulli kafin barci.

Mataki na 8: Idan na'urar PCIe ce

Faifan NVMe da na'urorin Thunderbolt ma ana zare su da zafinsu, kuma a nan babu lambar kuskure da za ta taimake ka. Ka rubuta a rajistar na'urar da ba ta nan, rubutun ya ɓace shiru. Ka karanta, a ba ka 0xFFFFFFFF, wato kowane ɗigo ya zama ɗaya.

Ka yi tunanin abin da wannan ke yi wa lamba irin "jira har ɗigon aiki ya koma sifili": ba zai koma ba. Saboda haka kowane zagayen jira ka ba shi wa'adi, readl_poll_timeout na nan don haka. A aikin katse-hanzari (interrupt), wato wanda ake kira idan na'ura ta nemi hankalin masarrafa, idan rajistar matsayi ta dawo duk ɗaya, kada ka ɗauka duk abubuwan duniya sun faru a lokaci guda. Ka mayar da IRQ_NONE ka fita. Kada kuma ka yi amfani da lambar da ka karanto daga na'ura a matsayin tsawo ko gurbi a jeri ba tare da ka duba iyakarta ba. Idan duk ɗaya na iya zama halastacciyar amsa a wannan rajistar, ka tabbatar da pci_device_is_present.

A remove, takwaran disconnect a PCIe, jerin ya yi kama da na USB, da ƙari guda mai muhimmanci: hana na'ura rubutu a memori kafin ka saki mazuban DMA, wato waɗanda na'ura ke rubutu a cikinsu kai tsaye. Tsayar da injinta, kira pci_clear_master, kira free_irq wanda ke jiran aikin katse-hanzari ya gama, sannan ka saki mazubai, ka warware taswirar rajista. Idan na'urar na nan da rai ka saki mazubi tana rubutu a ciki, za ta lalata memorin wani, kuma KASAN ba ya ganin rubutun da na'ura ta yi.

Mataki na 9: Gwaji

Zare kebul sau biyu ka ga ba abin da ya faru ba gwaji ba ne. Dole a zare ana tsakiyar aiki, sau ɗaruruwa. Buɗe taga guda mai karanta fayil ɗin na'ura ba tsayawa, wata mai rubutu, wata mai buɗewa da rufewa. A ta huɗu, a matsayin root, gudanar da wannan, ka sauya 1-2:1.0 da sunan da ka gani a /sys/bus/usb/devices, skeleton kuma da sunan direbanka:

while true; do
echo -n 1-2:1.0 > /sys/bus/usb/drivers/skeleton/unbind
echo -n 1-2:1.0 > /sys/bus/usb/drivers/skeleton/bind
done

Wannan na gwada rige-rige tsakanin disconnect da sauran ƙofofi, amma na'urar na nan, don haka bai gwada mataki na 5 ba. Ga ɓacewa ta gaske, a QEMU ka shigar da na'ura da device_add usb-host tare da lambobinta, na CH340 su ne 1a86 da 7523, ka fitar da ita da device_del. A USB fitarwar nan take ce. A PCIe kuwa device_del na neman yardar kanel ɗin ciki tukuna, don haka cirewa ce ta lalama, haka ma rubuta 1 a fayil ɗin remove na sysfs. Kada su ruɗe ka ka ɗauka ka gwada fizgewa.

Daga nan sai hannu, domin akwai abin da kwaikwayo ba ya kawowa. Zare a hankali, milimita bayan milimita: a filogin USB ƙafafun wuta sun fi na bayanai tsawo, don haka akwai ɗan lokacin da na'ura ke da wuta amma ba ta jin magana, kuma nan ne -EPROTO ke fitowa. Girgiza kebul a bakin kafa. Jona ka zare nan da nan don ka kama probe a tsakiya. Jona na'ura a maraba mai cin wutar bango ka kashe soket, ka ga yadda direba zai yi idan na'urori da yawa suka tafi tare. Rufe murfin kwamfuta ta yi barci, zare na'ura, sannan ka tashe ta. Idan kana da marabar da ke iya kashe wutar kowace kafa, manhajar uhubctl za ta yi maka zarewa da jonawa duk dare. Ba kowace maraba ke iyawa ba.

Idan KASAN ya yi magana, rahotonsa na da sassa uku: inda aka taɓa memori, inda aka nemo shi, da inda aka sake shi. Fara da na uku. Kusan kullum za ka tarar an saki a disconnect ko ta hannun devm, sannan wata ƙofa daga jerin da ka rubuta a mataki na 4 ta shigo daga baya. Bayan an gama zagaye, rubuta scan a /sys/kernel/debug/kmemleak ka karanta shi. Idan kundinka ya fito, akwai kref_get da ba shi da abokin kref_put.

Ga mai aiki a Windows

Ra'ayin ɗaya ne, sunaye ne daban. Cirewa ta lalama na farawa da IRP_MN_QUERY_REMOVE_DEVICE, wanda direba zai iya ƙi. Fizgewa na zuwa da IRP_MN_SURPRISE_REMOVAL, wanda ba a ƙi: ka daina taɓa na'ura, ka kammala buƙatun da ke jira da kuskure, amma kada ka goge komai, domin IRP_MN_REMOVE_DEVICE ba zai zo ba sai an rufe duk hannayen da ke buɗe. IoAcquireRemoveLock da IoReleaseRemoveLockAndWait ke yin aikin ƙidaya. Idan sabon direba za ka rubuta, yi shi da KMDF, tsarin Microsoft na rubuta direba, wanda ke ɗauke maka mafi yawan wannan. Ka saki kayan na'ura a EvtDeviceReleaseHardware, ka gwada da Driver Verifier a kunne.

Mataki na 10: Idan na'urar ta dawo

Na'urar da aka sake jonawa sabuwa ce a wurin kanel: sabon probe, sabon kundi. Kada ka yi ƙoƙarin haɗa tsohon fayil da ke buɗe da sabuwar na'ura a cikin direba, kuma kada ka ajiye manunin na'ura a wuri guda na gama-gari, domin tsohon kundi da sabo na iya rayuwa tare na ɗan lokaci. Tsohon fayil ya ci gaba da mayar da -ENODEV har a rufe shi.

Sake haɗawa aikin manhaja ne. Duk wanda ya yi aiki da Arduino ya san wannan: kebul ya motsa, /dev/ttyUSB0 ya koma /dev/ttyUSB1, saboda manhaja na riƙe da tsohuwar lambar. Ka koya wa manhajar ta rufe fayil da zarar ta ga kuskure, ta saurari udev don jin dawowar na'ura, ta kuma buɗe ta da sunan da ba ya canzawa, irin na /dev/serial/by-id, ko wanda ka ƙirƙira da dokar udev. Ka lura yawancin allunan CH340 ba su da lambar siriyal, don haka biyu iri ɗaya za su yi karo a by-id. A nan sai ka koma /dev/serial/by-path, wanda ke bin kafar da aka jona, ka manna wa kafar takarda don kada a sauya ta.